Karatun talabijin a Shikago: abin da kaset ya yi mini da abin da bai iya ba

Duk lokacin da rajistar sabon zangon karatu ta matso, wayata ba ta hutawa. Matanmu da ke nan Shikago, da ƙannen mazajensu masu tuƙin Uber, da yaran da suka sauka bara, tambayarsu kusan ɗaya ce: Anti, in ɗauki kwas ɗin nan ta intanet ko in shiga aji? Suna tambayata ne don sun san ni ma daga nesa na faro, tun ba a san Zoom ba, lokacin da darasi yake zuwa ta akwatin talabijin. Amsar da nake ba su a waya gajeriya ce kullum, ko ina bakin aiki ko ina kan tukunya. Yau na samu sarari, bari in faɗe ta da tsawonta.

Sai na fara da irin makarantar, saboda waɗanda ke gida. A Amurka akwai kwalejojin shekara biyu, wajen dubu, da ake kira kwalejojin al'umma. Na gwamnati ne, kuɗinsu bai kama ƙafar na jami'a ba, kuma mazaunin yankin da kwalejin take yana biyan ƙasa da wanda ya zo daga waje. Ba sa mayar da mutum daga bakin ƙofa. In kana da shaidar gama sakandare ko makamanciyarta, za a gwada Turancinka da lissafinka a ajiye ka a matakin da ya dace da kai. In ka tara kiredit, wato awon nauyin kwasa-kwasan da ka ci, wajen 60, a ba ka ƙaramin digiri, ka nemi aiki da shi, ko ka ɗauka ka tafi jami'a ka ƙarasa shekara biyun da suka rage. Wadda ake cewa ita ce ta farko a jiharmu ta Ilinoi take, a garin Joliet, an buɗe ta a 1901 da ɗalibai shida. A cikin Shikago kuwa guda bakwai ne a ƙarƙashin hukuma ɗaya, a warwatse daga arewacin gari zuwa kudu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da haifaffun nan, shi ne a garin nan aka fara karatun talabijin gadan-gadan. A 1956 kwalejin birni ta haɗa kai da tashar WTTW, lamba 11, wadda ita kanta shekararta guda da buɗewa, suka fara watsa darussan kwaleji zuwa gidajen mutane. Wani asusu na Gidauniyar Ford ne ya ɗauki nauyin gwajin a shekaru ukun farko. Kuma ba shirin a kalla a wuce ba ne. Mutum zai yi rajista, ya sayi littafi, ya aika aikin gida ta gidan waya, ya je ya zauna jarrabawa a gaban mai tsaro, in ya jure ya gama ƙaramin digirinsa gaba ɗaya ta wannan hanya. Waɗanda suka yi rububin abin su ne matan aure masu ƙananan yara, da ma'aikatan da ranarsu ba tasu ba ce, da marasa lafiyar da ba sa iya fita, da fursunoni a gidajen yarin jihar. Duk sanda na tuna matan nan na 1956 sai in ji kamar na san su. Mace ta lallaɓa yaro ya yi barci, ta goge tebur, ta kunna akwati mai hoto baƙi da fari, ta buɗe littafi. Lokacin babu na'urar ɗauka a gida, in darasi ya wuce ta sai dai ta jira a maimaita.

Daga nan abin ya bazu. A 1957 Jami'ar New York da gidan talabijin na CBS suka fara nasu da ƙarfe shida da rabi na safe. A 1976 aka buɗe kwalejin Coastline a Kalifoniya ba tare da harabar kanta ba, tana koyarwa ta talabijin da kuma a ɗakunan haya cikin unguwanni. Kwalejojin Dalas suka shahara da shirya darussan bidiyo suna sayar wa sauran. A 1981 attajirin nan Walter Annenberg ya yi alkawarin dala miliyan 150 cikin shekara 15 don a shirya irin waɗannan darussa, a shekarar ce kuma PBS, haɗakar tashoshin talabijin na al'umma a Amurka, ta buɗe sashen ilimin manya da ke rarraba su ga tashoshi da kwalejoji. Kuɗin nan ya canza kamannin abin: maimakon malami ɗaya a gaban allo, sai aka koma ɗaukar kyamara a shiga ɗakunan bincike da asibitoci da kotuna. A 1983 kwalejojin Shikago suka samu tashar kansu, WYCC, lamba 20. A wannan tasha na yi nawa karatun.

Na zo ƙasar nan a farkon shekarun 2000 da takardar sakandare daga Kano da yara ƙanana. Baban yara yana tuƙin tasi da rana, ni kuma na samu aikin dare a gidan kula da tsofaffi, daga sha ɗaya zuwa bakwai na safe, ina juya marasa lafiya, ina canza musu shimfiɗa, ina auna zafin jiki. Muna haɗuwa da shi a bakin ƙofa, yana fita ina shiga. A wurin aikin na ga abin da ya hana ni sukuni: nas ɗin da nake bi da tire, da yawansu daga irin waɗannan kwalejoji suka fito, wasu ma baƙi ne kamata, daga Filifin da Habasha da kudancin Najeriya. Na ce to me ya rage mini? Amma aji yana da lokacinsa, lokacin kuma ba ya duba wanda ya kwana a tsaye ko wanda ba shi da mai riƙe masa yaro. Matar da ke ba ɗalibai shawara ta saurare ni har na gama, sannan ta juya littafin kwasa-kwasai zuwa shafukan baya, ta nuna mini waɗanda ake yi ta talabijin.

Tsarin mai sauƙin faɗa ne. A farkon zango za a tara ku sau ɗaya, ku ga malaminku, a ba ku jadawali. Za ka sayi littafi babba da wani ƙarami mai jagora, wanda zai ce maka karanta babi kaza kafin ka kalli kashi kaza, ga tambayoyin da za ka amsa bayan ka kalla. Yawancin kwasa-kwasan kashi 26 ne, kowane rabin sa'a, biyu a mako. Ana watsa su a lokutan da ba kowa ke kallo ba, da sassafe ko tsakar dare ko ƙarshen mako. Baban yara ne ya iya saita na'urar bidiyo ta ɗauka da kanta, shi yake rubuta lambar kashi a jikin kaset da biro. Wanda ya rasa wani kashi yana iya zuwa laburaren kwaleji ya kalla. Jarrabawa kuwa dole ka je da ƙafarka, da katin shaida mai hoto.

Ba zan taɓa raina abin da kaset ɗin nan ya yi mini ba. Na zo da Turancin makaranta, ina karantawa ina rubutawa, amma kunnena bai saba da bakin Amurkawa ba. Suna haɗiye rabin kalma, suna gudu. A wurin aiki sau da yawa sai in gyaɗa kai in koma gefe in tambayi wata a hankali. Da a ce aji na fara shiga, na san halina da irin tarbiyyar da aka yi mana: ba zan ɗaga hannu a gaban yara 'yan shekara sha takwas in ce malam maimaita ba. Kaset kuwa ba ya gajiya, ba ya kallonka. Sai in mayar da shi baya in sake ji, in sake mayarwa, har maganar ta zauna. Sannan ga rubutun da ke fitowa a ƙasan hoto. Doka ce a Amurka tun 1993 duk talabijin mai inci 13 ko fiye ya zo da abin nuna wannan rubutu, don kurame aka yi ta, amma Allah kaɗai ya san yawan baƙin da suka gyara kunnensu da ita. Ina ji ina gani a rubuce, a nan na gane cewa kalmomi da yawa na san su tuntuni, lafazin ne kawai ya ɓoye mini su.

Akwai kuma abin da hoto ke nunawa wanda baki ba zai iya ba. Kwas ɗin da ya fi shiga raina shi ne na ilimin halayyar ɗan Adam. Na karanta a littafi cewa wani masani ɗan Suwizalan, Jean Piaget, ya nuna ƙaramin yaro bai gane cewa ruwa ba ya ƙaruwa don an canza masa mazubi. Na karanta na wuce, ban ji komai ba. Sai na gani a bidiyo: kofi biyu iri ɗaya, ruwa kai ɗaya, yaro ya yarda daidai suke. A gabansa aka juye ɗaya cikin siririn kofi mai tsawo, aka ce wanne ya fi? Ya nuna dogon ba tare da shakka ba. Na tsayar da kaset, na kira 'yata da ke wajen shekara huɗu, na ɗauko kofuna a kicin. Ita ma dogon ta nuna, har tana mamakin yadda nake tambayar abin da yake a fili. Ranar na daɗe ina tunani. Sau nawa muke yi wa yaro faɗa a kan abin da hankalinsa bai kai ba tukuna, muna cewa taurin kai ne? Wannan darasi ya bi ni har wurin aiki, wajen tsofaffin da mantuwa ta kama, waɗanda su ma ake ɗauka gardama suke yi.

To amma ga lissafin da nake so duk mai tambayata ya yi da kansa. Kashi 26 na rabin sa'a, sa'a 13 kenan. Kwas ɗin nan a aji, mai kiredit 3, sa'a uku ne a mako har tsawon mako 16, sama da sa'a 40 a gaban malami, kuma ƙa'idar da ake faɗa wa kowa ita ce duk sa'a ɗaya ta aji tana neman biyu na karatu a gida. Jarrabawar kuwa nauyinta ɗaya. Ashe bidiyon shi ne ɗan ƙaramin yanki na aikin. Sauran duk yana cikin littafi, da rubutu, da zaman da za ka yi kai kaɗai ba mai ce maka tashi. Wata 'yar uwar baban yara da ta kira daga gida ta ji abin da nake yi, ta ce ai wannan kallo ne ba karatu ba. Ban ji haushinta ba, don mutane da yawa a nan ma haka suke shiga abin, suna zaton sauƙi suka saya. Su ne ake nema a rasa kafin tsakiyar zango.

Domin kaset yana da wani hali: ba ya cigiyar kowa. In ba ka je aji ba kujerarka za ta zauna babu kowa, malami zai gani, na kusa da kai zai tambaya. In ba ka kalli kashi na tara ba, babu wanda ya sani a duniya, kuma yana nan a ajiye, gobe ma rana ce. Wannan ajiyar da ta zama rahama ita ce kuma ramin. Na biyu ya hau kan na farko, na uku ya hau kan na biyu, ranar da mutum zai duba sai ya tarar da tulin da ba zai iya haɗiyewa ba, ga jarrabawa saura mako guda. Mu da muka tashi da tafsirin azumi a Rediyon Kaduna mun san wannan bambanci. Ana ƙaruwa ƙwarai da saurare, iyayenmu mata da yawa a nan suka samu abin da suka sani na addini. Amma ba wanda ya ce ya sauke littafi don ya ji shi a rediyo. Sai ka durƙusa gaban malam ka biya, ya tsayar da kai inda ka karkace, gobe kuma in bai gan ka ba ya aika a dubo lafiya.

Ni abu biyu ne suka riƙe ni, kuma duka biyun mutane ne. A wani hunturu ƙaramin ɗana ya kwanta da ciwon ƙirji, muka yi ta zarya asibiti cikin dusar ƙanƙara, karatu ya tsaya cak. Aikin rubutu ya wuce lokacinsa ban aika ba, na riga na fara sallamawa a zuciyata. Sai wata rana da hantsi wayar gida ta yi ƙara. Malamar kwas ɗin rubutun Turanci ce, wadda sau ɗaya tak na taɓa ganinta. Ta ce ta ga aikina na farko da na biyu, ba ta ga na uku ba, kuma wadda ta rubuta na biyun ba ta yi kama da mai gudu ba, lafiya? Na faɗa mata. Ta tambayi jikin yaron kafin komai. Sannan ta ba ni sabuwar rana, ta ce kada in yi ƙoƙarin kallon duk abin da ya taru, in kalli kashi kaza da kaza, sauran in karanta a littafi. Maganar ba ta daɗe ba. Amma da na ajiye wayar na san akwai wadda ta san da zamana, kuma zan ji kunyarta in na ɓace. Daga baya na fahimci cewa tun a 1956 masu tsara abin sun san da wannan, shi ya sa suka ware sa'o'in da ɗalibi zai buga wa malami waya.

Ta biyun wata baiwar Allah ce daga zangon Kumasi, na tsince ta a ranar taron farkon zango saboda na ji tana yi wa yaronta faɗa da Hausa a bakin lif. Ita ma aikin dare take yi, a wani gidan daban. Muka yi yarjejeniya, ranar Lahadi bayan la'asar ko ta zo ko in je. Kafin ranar kuma sai ta kira: 'Yar'uwa, kin kalla? In na ce ban kalla ba tukuna, sai ta ce to ajiye wayar, zan sake kira bayan isha'i. Kuma za ta kira. Idan mun haɗu kowa zai faɗi abin da ya fahimta da Hausa, tata ta Gana tawa ta Kano, kuma a nan ake gane wanda ya fahimta da wanda ya haddace kawai. Abin da ba ka iya mayarwa cikin harshenka ka bayyana wa wani, bai zauna ba tukuna.

Wannan ba labarina ni kaɗai ba ne. Wasu masu bincike biyu na Jami'ar Columbia, Di Xu da Shanna Jaggars, sun bi sakamakon dubban ɗaliban kwalejojin al'umma a jihohin Virginia da Washington, suka tarar ɗalibi ya fi saurin janyewa ko samun ƙaramin maki a kwas na intanet fiye da na aji. Giɓin kuma ya fi faɗi a wajen maza, da masu ƙarancin shekaru, da baƙaƙen fata, da waɗanda dama makinsu bai da ƙarfi. Abin ya dame ni da na karanta, don waɗannan su ne yaranmu. Hanyar da aka buɗe saboda wanda rayuwa ta matse, ita ce kuma ta fi saurin zubar da shi in an bar shi shi kaɗai.

Wani dattijo ɗan Nijar da ke sallah a masallacinmu ya taɓa ba baban yara labarin makarantar talabijin da aka fara a ƙasarsu a 1964 da taimakon Faransa, inda ake sa akwati a ajin firamare ana watso darasi daga Yamai. Abin da ya ja hankalina a labarin shi ne ko a can ba a bar yara da akwati su kaɗai ba. Kowane aji yana da mai kula, wanda bai yi dogon karatun malanta ba, amma da an kashe akwati shi zai ɗora, ya tambaya, ya sa a maimaita.

Akwai kuma karatun da ba ya yiwuwa daga nesa ko da wane irin bidiyo ne. Da na gama Turanci da tarihi da ilimin halayya na zo kan ilimin sassan jiki da na ƙwayoyin cuta, dole na nemi canjin lokacin aiki na shiga ɗakin gwaje-gwaje. Na ga hoton zuciya a talabijin ba adadi, amma ranar da aka ajiye mini zuciyar tunkiya a tire aka ba ni wuƙa, na sa yatsa na ji kaurin bangon hagu da laushin na dama, ranar na san ta. Haka saita madubin ƙara girma, haka neman jijiya a hannun tsohuwar da fatarta ta yi laushi. Karatun jinya kansa a aji da asibiti na yi shi har na ci jarrabawar lasisi. Amma ba don kwasa-kwasan talabijin ba da ban kai bakin ƙofar ba, kuma a takardar sakamakona babu inda aka rubuta wannan na akwati ne wancan na aji.

Saboda haka abin da nake ce wa masu tambaya ya danganta da wanda ke tambayar. Uwa mai aikin dare, wadda ta san abin da ya fito da ita, ina ce mata bismillah, amma ta fara da kwas ɗaya, kuma kada ta zaɓi darasin da ta fi tsoro. Mai jin tsoron lissafi ya je aji ya yi lissafi. Yaron da ya gama sakandare bana, ba aure ba aikin dare, ina ce masa ɗana tashi ka tafi makaranta, ɗakinka ba zai yi maka komai ba sai barci da waya. Kowa kuma ina ce masa ya rubuta wa malami a makon farko ya gabatar da kansa, ya nemi mutum ɗaya a kwas ɗin da za su riƙa binciken juna, ya kuma sa wa kallon darasi rana da sa'a kamar yadda tasha take sa mana. A da jadawalin tashar ma wani taimako ne, ko ba komai ka san yau an watsa kashi na goma. Yanzu da komai yake a waya dare da rana, sai mutum ya yi wa kansa wannan shinge.

Akwai ƙa'idoji kaɗan da rashin saninsu ke jawo asara. Tallafin Pell, kuɗin karatun da gwamnatin tarayya ke bai wa ɗalibai, ba bashi ba ne, ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna iya nema ta takardar FAFSA, amma ana so ka riƙa cin wajen kashi biyu cikin uku na abin da ka yi rajista, in kana yawan janyewa za a dakatar da shi. Kowane zango yana da ranar ƙarshe ta janyewa, a san ta tun farko. Wanda ya shigo da bizar ɗalibi, kwas ɗaya kacal na nesa, mai kiredit 3, ake ƙirga masa a cikin cikakken nauyin zango. Mai niyyar wucewa jami'a ya tabbatar za ta karɓi kwas ɗin kafin ya biya. Sannan a yi hattara da makarantun kasuwa masu tallan digiri cikin sauƙi. Corinthian ta rufe a 2015, ITT Tech a 2016, suka bar dubban ɗalibai da bashi da kiredit ɗin da wurare da yawa ba sa karɓa.

Zamanin akwatin dai ya wuce. PBS ta rufe sashen ilimin manyanta a 2005, tashar WYCC ta daina watsa shirye-shiryenta a 2017, sannan annobar 2020 ta tura kowa gaban kwamfuta ko yana so ko ba ya so. Ba na cewa a koma kaset. Yanzu ɗalibi yana aika tambaya da dare ya samu amsa da safe, yana ganin fuskar malami, yana rage gudun magana in ta yi masa sauri. Amma an yi rashin wani abu. Darasin tasha yana shiga kowane gida kyauta, ba rajista ba kuɗin intanet, kuma masu kallo don ƙaruwa kawai sun ninka masu neman maki. A gidan tsofaffin da na yi aiki akwai wani tsohon direban bas da ba ya yarda a canza tasha in ana darasin tarihi. Shi ba zai taɓa buɗe shafin kwaleji ya nemi bidiyo ba, darasin ne ya same shi a kan gadonsa. Fursunoni ma, waɗanda suna cikin ɗaliban farko, an cire su daga tallafin Pell a 1994, sai a Yulin 2023 aka dawo musu da shi. A inda ba a barin intanet, bidiyo da takarda da malamin da zai duba aiki su ne hanya har yanzu, kuma Coastline ta daɗe tana yin wannan a gidajen yarin Kalifoniya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne malaman. Da yawa daga masu koyarwa a kwalejojin al'umma a faɗin Amurka na wucin gadi ne, ana biyansu kwas-kwas, wasu suna zarya tsakanin makarantu biyu ko uku don su haɗa abin cefane. Mutumin da ke cikin wannan hali, aka tara masa ɗalibai a kwas na nesa don an ga ba a buƙatar kujeru, yaushe zai lura cewa aiki na uku bai zo ba, balle ya ɗauki waya? Ana kashe kuɗi mai yawa a kan manhaja da kyamara da na'urar tsaron jarrabawa, kuma ban ce ba su da amfani ba. Amma duk sanda aka aiko mana takardar jin ra'ayin tsofaffin ɗalibai, abin da nake rubutawa ba ya canzawa: a rage yawan ɗalibai a kwas na nesa, a biya malami sa'o'in da zai yi yana bibiyar waɗanda suka yi shiru, kuma a dawo da taron farkon zango inda ɗalibai za su ga juna ido da ido.